Kilo 26 a shekara uku, kuma da sauran tafiya

A azumin 2022 a kan kujera na yi sallar tarawihi. Shekarata 37 a lokacin. A masallacin unguwarmu, nan Hotoro a Kano, akwai kujerun roba guda biyar da ake jerawa a ƙarshen sahun mata saboda tsofaffi, kuma a wannan daren ni na ja ta biyar na zauna. Tsohuwar da ke gefena ta isa ta haifi mahaifiyata. Da aka sallame sai ta dafa gwiwata ta ce, "'Yar nan, juna biyu ne?" Na ce, "A'a Iya, ƙafa ce ke damuna." Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da jan carbinta. Autana a lokacin ya shekara uku da haihuwa.

Ba ƙafa ce kaɗai ba. In na yi sujada tumbi ne ke tokare mini ƙirji har numfashi ya gagara, in zan ɗago kuma sai na dafa ƙasa da hannu biyu na yi nishi kamar mai ɗaukar buhu. Kafin a kai raka'a huɗu hijabina ya jiƙe.

Abin dariyar shi ne ni siririya aka sani a gidanmu. Sillen kara ake ce mini tun ina firamare. Da aka sa ranar aurena a 2007, Goggo, yayar mahaifinmu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba za a kai ƙashi gidan mutane ba, sai a ce ba ma ci a gidanmu. Wata biyu ina shan kunun gyada da madara safe da yamma, ga farfesun kaza, ga kuma wasu ƙananan ƙwayoyi da take ba ni a ƙulle cikin leda, waɗanda mata ke kira sha-ka-fashe. Ban san sunansu ba a lokacin. Sai shekaru bayan nan wani mai kemis ya bayyana mini cewa yawanci iri biyu ake haɗawa: ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki mutum ya yi ta ci, ɗayan kuma na kumburi ne mai ƙarfi, yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya kuma iya ta da suga da hawan jini. Ranar ɗaurin aure kumatuna sun yi ɓul-ɓul, kowa na cewa amarya ta yi kyau. Ni ma na yarda na yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Daga nan haihuwa ta karɓa. Biyar na yi tsakanin 2008 da 2019, kuma kowacce da jegonta: kwana arba'in na wankan ruwan zafi, kunun kanwa a kofin silba babba, gasasshen nama da yaji, tuwo malmala uku ana tsaye a kaina sai na cinye don nono ya kawo. Kowane jego sai ya bar mini kilo shida ko bakwai da ba sa tafiya. Babu wanda ya taɓa ce mini komai sai yabo. "Malama an samu wuri." "Kai, maigida yana ƙoƙari." A wajenmu jikin mace shi ne takardar shaidar mijinta.

Bayan ƙaramar sallar 2022 jiri ya ɗebe ni a gaban allo ina koyar da 'yan aji huɗu lissafi. Allah ya taimaka na dafa tebur. Washegari maigida ya kai ni asibiti. Da na hau sikeli ma'aikaciyar jinya ta faɗi lambar da ƙarfi, kamar mai kiran sunan dalibai: 112. Tsawona mita 1.62. Jinina ya nuna 158 bisa 98. Aka ce na dawo da safe ban ci komai ba a auna suga, ya nuna 117. Likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan katina, ya ce tunda ni malamar lissafi ce ba sai ya ɓoye mini ba. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Nawa ya ba da 42 da ɗoriya. Ya ce daga 25 an fara wuce gona da iri, daga 30 kuma ƙiba ce da ake lissafa ta cikin cututtuka. Sugan kuwa, ƙasa da 100 shi ne lafiya, 126 zuwa sama ciwon suga ne. "Hajiya, kina bakin ƙofa," ya ce. "Ba ki shiga ba, amma kin cire takalmi."

Na tambaye shi kilo nawa ya kamata na zama. Ya ƙi faɗa. Ya ce na manta da wannan tukuna, na nemi sauke kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyina, wato kilo shida zuwa sha ɗaya, wannan kaɗai zai nuna a jini da suga. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, kan mutane irina masu tsaye a bakin ƙofa: waɗanda aka sa su rage kimanin kashi bakwai na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ya rubuta mini maganin hawan jini, ya tura ni wajen mai ba da shawara kan abinci.

Ban je ba. Wata guda na yi ban je ba, saboda na ga hanya mai sauƙi a WhatsApp. Wata mata ce ke tallan shayin rage teɓa, da hotunan "kafin" da "bayan", wai kilo goma a sati biyu. Na saya a ɓoye. Da na buɗe ledar sai wani wari ya bugi hancina wanda na sani tun ina yarinya: filasko ne, ganyen da kakarmu ke dafa wa wanda cikinsa ya ɗaure. Duk da haka na sha. Kwana huɗu ina zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, har na kasa zuwa makaranta. Sikeli ya nuna na sauke kilo uku, na yi murna. Cikin mako guda suka dawo, don ruwan jikina ne kawai na zubar. Na kuma gwada ɗamarar matse ciki, da ruwan zafi da lemon tsami da asuba, da zama da yunwa har la'asar, wanda ƙarshensa kullum shi ne na tsinci kaina a kicin ƙarfe goma na dare ina kankare ƙanzo.

Da na je wajen matar nan mai shawara kan abinci na zata takardar haramci za ta miƙo mini. Sai ta ce kada na canja komai. Na sayi littafin rubutu irin na yara, na rubuta duk abin da ya shiga bakina har kwana bakwai, ko da lomar ɗanɗanon gishiri ce. Wannan littafin yana nan a durowata har yau, kuma in na buɗe shi kunya ce ke kama ni. Shayin safe da cokali huɗu na sukari da madarar gwangwani, da rabin biredi. Ƙarfe goma a makaranta, waina biyar ko awara, da lemon kwalba mai sanyi. Da rana shinkafa da taliya. Sai wani layi da ya maimaitu kullum, har sau biyu ko uku a rana: "ragowar yara". Duk abin da suka bari a kwano ni ke shanye shi, wai gudun almubazzaranci. Da dare tuwo, sannan wajen ƙarfe goma maigida ya shigo da tsire ko balangu a takarda, da wani lemon. Na ƙirga lemon makon, kwalba sha ɗaya. Ni da nake rantsuwa ba ni da ci, ƙibata ta gado ce.

Ta ɗauki kwalbar lemo ƙarama da ke kan teburinta da kofin gilashi, ta dinga zuba sukari da cokalin shayi tana ƙirgawa har tara. Ta ce kusan abin da ke cikin kwalbar ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada sukarin da mutum ke ƙarawa a yini ya wuce kimanin cokali sha biyu, in ma ya tsaya a shida ya fi. Sai ta ɗauko babban cokali ta ce kowane ɗaya na man gyada ko manja kalori wajen 120 ne. Ni kuwa ban taɓa auna mai ba a rayuwata, daga galan nake tuttulawa sai ya taso saman miya, don miyar da mai bai kwanta a kanta ba miyar rowa ce.

Abin da ta sa ni yi bai da wani armashi da za a ba da labari. Lemo ya fita. Zoɓo nake dafawa da citta da kanumfari, sukari kaɗan. Malmala uku ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Na koma cin abincin da a da nake gani na ƙauye ne ko na marasa hali: kwaɗon zogale da rama, dambu, wake, alale, fate da ganye da yawa, acha in na samu. Ranar Asabar nake zuwa Yankaba na ɗebo kabeji da karas da alayyafo da yalo na mako. Fura ban bar ta ba, sukarin na bari, na kuma rage yawanta. Ragowar yara kuma na sa roba mai murfi a bakin ƙofa, almajirin gidanmu na zuwa ya ɗauka. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne cire hannuna daga tire. Mun saba ni da 'yan matana mu ci a tire ɗaya, kuma a tire ba ka sanin iya abin da ka ci. Da na fara zuba nawa a ƙaramin faranti, babbar 'yata ta yi kwana biyu tana fushi, wai Umma ta fara ƙyamarsu.

Tsiren dare kuwa sai da muka zauna da maigida. Shi a ganinsa wannan ledar ita ce soyayya, shekara goma sha biyar bai taɓa shigowa hannu rabbana ba. Na ce, "Abban yara, in kana so na daɗe ina karɓar ledar nan, ka canja abin da ke cikinta." Ya yi shiru, na ga ransa bai so ba. Bayan kwana uku ya shigo da kankana da gwanda. Tsire ya koma na ranar Juma'a, kuma tare muke ci da yara.

A wata shida na farko na sauke kilo tara. Daga nan sikeli ya kafe a 103 kamar an sa masa sumunti. Akwai wani yaro mai sikeli da ke zama kusa da bakin titi, ana ba shi 'yan canji a hau. Har ya gane ni. In ya hango ni sai ya ce, "Hajiya, yau ma dai jiya i yau." Wata uku muna haka.

Abin da ya rage shi ne tafiya, kuma ita nake gudu. Ba gajiyar ba, idon mutane. Mace mai jiki irina, matar aure, malamar makaranta, ta sa kambas a ƙarƙashin dogon hijabi tana taka titi da sassafe, me za a ce? Sai ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Masu adaidaita sahu ba sa karɓar tiransifa, tsabar kuɗi kuma ta zama gwal. Rabin garin ya koma tafiyar ƙasa, sai na shige cikinsu babu wanda ya lura. Daga gida zuwa makaranta minti 50 na yi ranar farko, na tsaya sau uku, cinyoyina suka goge har suka yi ja, sai da na nemo dogon wando na saka a ciki. Da kuɗi suka dawo hannu, ba a jima ba aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya ninka, na sake samun hujja. Yanzu minti 32 nake yi. Masu adaidaita har yau suna rage gudu a gefena suna "Hajiya, ina zuwa?", ni kuma na ɗaga musu hannu.

Zuwa ƙarshen 2023 na kai 94, kuma a nan ne bakin mutane ya buɗe. Ban taɓa zaton ramewa na da tsada haka ba. A ɗakin malamai aka fara da "Malama, lafiya kuwa?" A gidan suna wata ta ja ni gefe ta ce na yi haƙuri, kishiya ba mutuwa ba ce, ashe labari ya zaga cewa maigida zai ƙara aure shi ya sa na zube. Wasu suka ce karayar arziki ce ta same shi, ga shi har matarsa na tafiya a ƙasa. Wata kuwa, da ba zan manta ba, ta tambayi ƙanwata ko an yi mini gwajin jini. Kowa ya san abin da take nufi. Cutar da muka raɗa wa suna daga ƙanjamewar jiki har yau tana bin duk wanda ya rame a garin nan.

Surukata ba ta yi gulma ba, kiran ɗanta ta yi. Muka je gaishe ta ranar Juma'a, ta sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na ƙyalli a kai, ta tura mini kwanon gabana. Sannan ta dubi ɗanta ta ce, "Kai, amanar da aka ba ka ke nan? Yarinya ta shigo gidanka da jikinta, dubi wuyanta." Ya fara bayani ta ɗaga masa hannu. Na ce, "Hajiya, wallahi ba laifinsa ba ne, likita ne ya ce suga na gab da kama ni." Ta ce, "Likita ne ya haife ki?" Na ci tuwon nan, malmala ɗaya da rabi, don akwai ranar da ba a jayayya. Abin da ya sauko da ita daga baya ba maganata ba ce. Ƙawarta ce ta tun ƙuruciya aka yanke wa yatsun ƙafa biyu saboda suga. Da muka dawo daga dubiya, a cikin mota, ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan zoɓon naki marar daɗi, ki dinga aiko mini da shi."

Kada na ba da labari kamar hanya ce miƙaƙƙiya. A 2024 na koma baya. Mahaifinmu ya kwanta ciwo wata huɗu, ina jinya a asibiti, abin da ke bakin ƙofa kawai nake saya: gurasa, fanke, lemo. Na daina tafiya, na daina rubutu. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kwanukan abinci suka yi ta shigowa gidan makoki, ni kuma na gano cewa baƙin ciki a bakina yake sauka. Da na koma wajen yaron sikeli na ga 100 cif. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskata, ya fasa. Na je gida na yi kuka, sannan na ɗauko sabon littafi na rubuta kwanan wata a shafin farko. Ba wani ƙarfin zuciya ba ne, tsoron kujerar roba ce.

Azumi ma sai da na koye shi sabo. A na 2023 ƙaruwa na yi da kilo biyu, duk da yinin da nake yi ba ci ba sha. In aka kira salla sai na zauna gaban ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai da kunun tsamiya mai sukari, na rama har na kasa tashi. Malaminmu na islamiyya ne ya karanto hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, in kuma ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Na sha jin sa, amma ranar nan kalmar numfashi ce ta tsaya mini, don na san yadda ake rasa shi a sujada. Yanzu dabino uku da ruwa, na yi magariba, sannan na ci abinci a farantina. Azumin 2025 a tsaye na yi tarawihi duka, har da tahajjud na goman ƙarshe. Na kuma riƙe Litinin da Alhamis, ko da yake ina yi wa kaina faɗa kan niyya, kada sikeli ya shiga tsakanina da lada.

Yau nauyina 86. Jinina na zama wajen 128 bisa 82, kuma likita da kansa ya rage mini magani, ban daina da ra'ayina ba. Suga 94 a awon ƙarshe. Ƙuguna ya sauka daga santimita 118 zuwa 98, alhali an ce mace ta wuce 88 tana cikin haɗari, don haka ban tsira ba tukuna. In aka sake lissafin nan na bayan kati, 32 da ɗoriya yake bayarwa, wato har yanzu sunana mai ƙiba a takarda. Ina harin 75, ban sa wa kaina rana ba. Akwai abubuwan da ba a faɗa: fatar damtsena ta saki tana lilo, gashina ya zube sosai a shekarar farko kafin ya dawo, kuma telana ya rage mini kaya har ya gaji ya ce, "Malama, wannan in na ƙara cin ɗinkin aljihu zai koma baya." Har gobe in na wuce mai waina ƙamshin na bi na har kwana.

Watan jiya aka sa ranar 'yar yayana, yarinya 'yar shekara 20, siririya kamar yadda nake a da. Na je gidan na tarar da ita a ɗaki da kofin kunu, da ƙullin leda a gefen katifa. Ban tambayi kowa ba na ɗauke ledar na jefa a jakata. Na zauna na nuna mata hoton bikina, da hoton sunan autana, da katin asibitin nan mai lissafi a baya. Goggo ta tsufa amma kunnenta na nan. Ta aiko a gaya mini cewa ni na ci moriyar abin na samu miji, yanzu ina yi wa 'yar mutane baƙin ciki. Na je har ɗakinta na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ƙyar tana kallon bango. Kunun dai na ce a bar wa yarinyar ta sha abinta. Ledar tana cikin durowata tare da littafin farko, biki kuma saura sati uku.